Inda aka kwana kan maganar magudanar ruwa da kwalbatin unguwarmu

8 ga Fabrairu, 2025

Jama'a salamu alaikum. Kamar yadda aka tsayar a zaman da mukai a ƙofar gidan mai unguwa, ni aka ɗorawa rubuta duk abun da ake ciki game da magudanar ruwan nan da kwalbatin da ya rufta a bayan firamare, don kar wata rana wani yace ba'a faɗa masa ba, ko a fara cewa 'yan kwamiti sun je sun karɓo wani abu sun yi shiru. Duk lokacin da aka samu motsi zan ƙara a ƙasa, in ba'a samu ba ma zan rubuta cewa ba'a samu ba.

Abun da ya sa muka fara tun yanzu da rani shi ne, duk shekara sai ruwa ya shigo gidaje sannan ake tashi ana kururuwa, a lokacin kuma ko ana so a yi aikin siminti ba zai yiwu ba. A zaman wani dattijo yace shi a saninsa gyaran lambatu aikin gwamna ne, wani yace na ɗan majalisar tarayya ne, sai wani malamin sakandare da ke cikinmu ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999 a wayarsa ya karanto mana Jadawali na Huɗu, inda aka jero ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ginawa da kula da tituna da layuka da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, akwai kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, banɗakunan jama'a, har sanya wa layuka suna da bai wa gidaje lamba. To kenan ƙofar da za mu fara bugawa sakatariya ce.

22 ga Fabrairu

Mun zaga da ƙafa daga bakin kasuwa har inda ruwan ke faɗawa rafi, matasa suna ɗaukar hoto. Abun da muka gani kashi uku ne kuma kowanne da mai shi, wannan shi ne abun da ya daɗe yana rikita mu. Lambatun cikin layuka da kwalbatin bayan firamare na ƙaramar hukuma ne babu tantama. Babban kwalbatin da ke ƙarƙashin titin kwalta kuwa, titin na jiha ne, saboda haka ma'aikatar ayyuka ta jiha ce ke da shi, ciyaman ko yana so ba zai fasa kwaltar jiha ba sai da izini. Da a ce titin na tarayya ne da sai a nufi FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, ko ma'aikatar ayyuka ta tarayya. Kashi na uku kuma namu ne mu da kanmu, kuma shi ya fi muni: ledoji, robobi, tsummokara, ƙasar gini da mutane suka sauke a bakin lambatu suka bar ta ta zube ciki, ga wasu masu shaguna da suka zuba kankare suka rufe saman magudanar ruf ba su bar ko ƙofar da za'a zura shebur ba.

10 ga Maris

An kai takardar koke. Mun yi ta da sunan ciyaman, kwafi ga shugaban sashen ayyuka, kwafi ga shugaban majalisar kansiloli, kwafi ga kansilanmu da kuma hakimi ta hannun dagaci. Mai unguwa da limamai da shugabar mata duk sun sa hannu, muka liƙa hotuna.

Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya shi ya ja mana kunne tun kafin mu tafi, yace kar ku kuskura ku miƙa wa wani takarda a hannu a baranda ko a cikin mota, ku kai ofishin rajista a shigar da ita a littafi, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku ku dawo da shi. Haka mukai. Ma'aikacin rajistar da farko yace mu ajiye kawai zai shigar daga baya, Baba Liman yace masa "ɗana, mu ba sauri muke ba, za mu zauna ka gama," aka kuwa zauna har ya buga. Kwafin mai hatimi yana wajen sakataren kwamiti, duk mai son gani ya je ya gani.

Kansila ya karɓe mu hannu bibbiyu, yace shi ma gidan ƙanwarsa na cikin waɗanda ruwa ke shiga. Amma ya faɗa mana gaskiya cewa kansilan mazaɓa ba ya riƙe da ko kwabo na aiki, nasa shi ne ya kai magana zauren majalisa, su amince da kasafin kuɗi, su yi dokokin cikin gida. Wanda ke kusa da maganar aikin shi ne kansilan gafaka mai kula da ayyuka, shi kuma ciyaman ne ke naɗa shi ba zaɓarsa akai ba.

27 ga Maris

Shiru. An leƙa, ance takarda tana teburin DPM, wato daraktan kula da ma'aikata na ƙaramar hukuma.

14 ga Afrilu

Wannan zai ɗan yi tsawo ku yi haƙuri, saboda tambayar da ake ta yi min a hanya ita ce, ba ance yanzu ƙananan hukumomi sun samu 'yancin kuɗinsu ba, to ina kuɗin?

Ga abun da ke tabbas. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotu tace a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, gwamnoni su daina riƙe shi, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa sashe na 7 na tsarin mulki. Shi ya sa kuka ga jihohi suka rinƙa rige-rigen yin zaɓen ƙananan hukumomi bayan nan. Kafin hukuncin, kuɗin yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 ya tanada, kuma a nan ne ake ta kuka shekara da shekaru cewa abun da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba. Tun a 2019 ma hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'ida cewa kar a cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka yi ta faɗa da ita.

Shi kason kuma, a rabon asusun tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, a harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga ta NBS suna wallafa abun da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, ba sirri bane, wani yaro cikin matasanmu ya sauko mana da shi a intanet muka ga layin tamu. Da mutane suka ga adadin sai aka hau salati. Amma tsohon ma'aikacin nan yace mu bi a hankali, abun da aka rubuta a Abuja daban, abun da ya rage bayan an zaftare daban: albashin malaman firamare daga nan ake cira, na ma'aikatan lafiya matakin farko, fansho, kason masarauta, kuɗin horar da ma'aikata, ga kuma ayyukan haɗin gwiwa da jiha ke cewa a yi tare. Ni dai a nawa ganin, ko da duk wannan gaskiya ne, ai lissafi ne, a rubuta shi a allo a ƙofar sakatariya kowa ya gani, wanda ba ya ɓoye komai me zai hana shi.

A sakatariya kuwa amsar da muka samu a baki ita ce har yanzu tsarin bai gama sauyawa ba. Hukunci dai an yi shi, aiwatarwa ce ake ta jan ƙafa.

28 ga Afrilu

Tunda maganar baki ba ta da kama, mun rubuta takarda ta biyu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙi a rubuce. Da can jihohi da yawa suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, to a wannan watan Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma, wani lauya ɗan unguwa da ke taimaka mana kyauta shi ya sanar da mu kuma shi ya tsara takardar. Abu biyu kawai muka nema don kar a ce mun cika tambaya: kwafin kasafin kuɗin 2025 ɓangaren ayyuka, da jerin kwalbatoci da magudanan da aka ware wa kuɗi a mazaɓarmu daga 2023 zuwa yau.

Wasu a kwamiti ba su so ba, suna ganin kamar tsokana ce kuma za ta ɓata mana da ciyaman. Aka yi ta muhawara har dare, daga ƙarshe aka yarda a kai amma a sa kalamai masu laushi.

17 ga Mayu

Kwana bakwai sun wuce tuni ba amsa a rubuce, amma sai ga kira cewa ciyaman zai gan mu. Ko takardar ce ta jawo ko matsin hakimi ne, oho, kowa da abun da yake cewa.

Zaman ya yi kyau kuma ya kusa ɓaci. Mai unguwa ya buɗe da "ranka ya daɗe, mun zo ne a matsayin 'ya'yanka da iyayenka," ya miƙa wa sakatare ya karanto buƙata. Ciyaman ya sa aka kira shugaban sashen ayyuka da ma'aji, aka buɗe kasafi a gabanmu, sai ga shi ashe akwai layi na gyaran kwalbatoci amma a dunƙule, ba a rubuta wace mazaɓa ko wane layi ba. Wannan shi ne matsalar, kuɗin da ba shi da adireshi duk wanda ya fi kusa da kunnen shugaba shi ke janye shi.

Inda ta kusa ɓaci shi ne, mutane da suka ga ciyaman ido da ido sai kowa ya ɗauko nasa. Wani ya kawo maganar masu karɓar haraji a kasuwa da ke yankar rasit kala biyu a rana ɗaya, wata Hajiya ta kawo maganar asibitin sha-ka-tafi da ba ma'aikaciyar dare, mai naƙuda sai an ɗauke ta zuwa babban asibiti, wani katangar maƙabarta, wani fitilun sola da aka kafa suka mutu ba'a dawo an duba ba, wani kuma ɗansa yake nema wa aiki, a gaban kowa wallahi. Duk gaskiya ne banda na ƙarshen, kuma duk aikin ƙaramar hukuma ne, amma in ka kai buƙata goma ka bai wa mutum damar ya zaɓi mafi sauƙi ya yi maka alkawari a kai. Allah ya saka wa shugabar mata, ita ta katse tace "ranka ya daɗe yau kwalbati ya kawo mu, sauran za mu dawo da takardarsu daban."

Abun da aka tashi da shi: ƙaramar hukuma za ta sake kwalbatin bayan firamare, za ta ba da tifa da direba ranar da za mu yi aikin gayya, kuma za ta rubuta wa ma'aikatar ayyuka ta jiha kan babban kwalbatin titi. Mun roƙi a sa wannan a rubuce, aka ce za'a ba mu kwafin bayanin zaman.

31 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kowa ya ji abun da ya faru a Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga wata, ambaliya ta tafi da mutane sama da 150 da gidaje masu yawa, Allah ya jiƙansu ya bai wa iyalansu haƙuri. Bara ma a watan Satumba haka Maiduguri ta kwana cikin ruwa da madatsar Alau ta ɓalle. Namu bai kai ko kusa da wannan ba, amma yau da muka fito aikin gayya mutanen da suka fito sun ninka waɗanda suka sa suna, har waɗanda ke mana dariya a baya sun zo da shebur da baro.

Tifa ta zo amma a makare, kuma mu muka haɗa kuɗin mai. An yashe daga bakin kasuwa zuwa masallaci. Abun da na ke so kowa ya riƙe shi ne, yashewa ba tare da kwashewa ba aikin banza ne, in aka tara dattin a bakin lambatu ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, shi ya sa muka dage sai da tifa ta kwashe na ranar kaf kafin a watse. Layin da ya rage sai mako mai zuwa.

21 ga Yuni

Ɗan kwangila ya sauke yashi da tsakuwa da rodi, an fasa tsohon kwalbatin. Ba allon aiki, ba wanda ya san sunan kamfani ko wa'adin gamawa, mun tambaya ance aikin kai tsaye ne sashen ayyuka ke yi da ma'aikatansa ba kwangila ba ce, amma mutumin da ke tsaye a kai ba ma'aikacin sakatariya bane kowa ya san shi. Mun rubuta wannan mun ajiye.

Magina biyu 'yan unguwa muka sa su riƙa leƙawa. Su suka lura cewa faɗin da aka haƙa daidai yake da na tsohon, alhali tsohon ƙanƙantarsa ce ta sa ruwa ke tsallake shi ya ci gefe har ya rufta, saboda tun lokacin da aka yi shi an gina gidaje da yawa a sama, filin da ke shanye ruwa duk ya zama rufin kwano da siminti, ruwan da ke gangarowa yanzu ya fi na da nesa ba kusa ba. Suka kuma ce rodin da aka kawo siriri ne ga wajen da tifofi ke bi. Mun kai wa injiniyan sashen ayyuka, mutumin kirki ne gaskiya, ya zo da kansa ya auna, ya yarda a ƙara faɗi a yi baki biyu, maganar rodi kuma yace zai duba abun da ke cikin takardar ƙiyasi. Washegari aka canza rodin saman, na gefe aka bar shi.

12 ga Yuli

Aiki ya tsaya. An zuba ƙasa da bango, saura sulab na sama, ma'aikata sun ce ba'a biya su ba sun tafi. Yanzu wajen ya fi da haɗari, rami ne buɗe a hanyar 'yan makaranta, mun sa katako da jan ƙyalle, matasa suna tsayawa safe da lokacin tashi suna tsallakar da yara. A sakatariya ance ana jiran kason wata.

Sai kuma rigimar cikin gida. Duba-gari sun zo bisa takardarmu sun shafa jan fenti a shagunan da suka rufe magudana da wani gida da katangarsa ta shiga hanyar ruwa, sai ga shi ɗaya daga masu shagunan ɗan kwamiti ne, mai gidan kuma surukin wani babba ne. Nan take aka fara cewa kwamiti na 'yan adawa ne, wai wani ɗan takara ke ɗaukar nauyinmu. To ni dai na faɗa a zama kuma ina maimaitawa a nan, a cikinmu akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma kuɗin da muka kashe na fotokwafi ne da man tifa, lissafinsa na nan a littafin ma'ajinmu da sunan duk wanda ya bayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga, in muka biye wa wannan maganar an gama da mu.

Dagaci ya shiga tsakani. Masu shaguna sun yarda za su fasa kankaren su sa murfi mai ɗaguwa da kuɗinsu, ɗan kwamitin nan shi ya fara fasa nasa don a gani. Maganar katanga kuwa ta fi ƙarfinmu, mai gidan ya nuna takardar fili, an mayar da ita ofishin ƙasa da safiyo.

9 ga Agusta

An dawo an zuba sulab a ƙarshen Yuli bayan kansila ya tayar da maganar a zauren majalisarsu, mun gode masa. Injiniya yace kar babbar mota ta hau sai siminti ya yi kwana 28, mun tare da duwatsu, amma wani direban tifa ya ture su cikin dare ya wuce, gefe ɗaya ya ɗan tsage. An nuna wa injiniya yace ba ta shiga ciki ba, za'a shafe.

Ruwan daren Laraba shi ne gwajin gaske. Bayan firamare ruwa ya wuce salin alin, layukan da aka yashe ba gidan da ya shiga. Amma a bakin titin kwalta ya taru ya koma baya ya shiga gidajen da ke gangare, saboda babban kwalbatin jiha har yanzu a cushe yake, kuma yanzu da muka buɗe sama ruwan yana isa can da sauri fiye da da. Mutanen gangare suna da gaskiya da suka yi fushi, ɗaya ya tare ni yace "Malam kun kwashe ruwanku kun juye mana." Ba ni da abun ce masa illa mu tafi tare gobe.

Da muka je neman kwafin wasiƙar da akace za'a rubuta wa jiha tun watan Mayu, sai aka yi ta bincike a fayil, daga ƙarshe aka samo ta an buga amma ba'a sa hannu ba. A ranar aka sa hannu, mu da kanmu muka raka masinja da ita har ofishin shiyya na ma'aikatar ayyuka, aka buga mana hatimi a kwafi.

6 ga Satumba

Ma'aikatan jiha sun zo sun duba babban kwalbatin, sun ce yashewa za'a iya yanzu amma sakewa sai an sa a kasafin baɗi. Matasan gangare da na sama sun haɗu sun zura ƙarfe sun fito da abun da hannu zai iya kaiwa, har da katifa da tayoyi, ruwan ya ɗan samu hanya.

Amsar takardarmu ta neman bayanai har yau ba ta zo a rubuce ba, haka ma bayanin zaman 17 ga Mayu. Lauya yace doka ta ba mu damar zuwa kotu, yawancin kwamiti sun ce a ƙara aika tunatarwa tukunna, an aika ranar Alhamis.

Abun da ke gabanmu yanzu kasafin 2026 ne, ance sassa sun fara haɗa ƙiyasinsu. Muna so wannan karon a rubuta aikin da sunan layi da mazaɓa ba a dunƙule ba: ƙarasa lambatun daga masallaci zuwa titi, da wajen zuba shara guda biyu masu katanga, don in ba'a ba mutane inda za su zuba ba lambatun za su koma. Kansila yace zai gabatar, mun ce ya ba mu ranar zaman mu zo mu zauna a baya mu saurara. Takardar masu rasit biyu a kasuwa da ta ma'aikaciyar dare a asibiti shugabar mata da 'yan kasuwa suna haɗawa daban. Zama na gaba Asabar 20 ga wata bayan la'asar a ƙofar mai unguwa, mutanen gangare don Allah ku turo wakilai biyu da hotunan gidajen da ruwa ya shiga, za'a haɗa da takardar da za ta tafi jiha.